A Hana Kansila Magsino Nutsar da Choleng a Teku

Daga:
Eustaquio Marasigan (Mamay Takyo),
Gida na ƙarshe kafin gadar ƙarfe,
Barangay Dalawang Balon,
Lardin Batangas.

27 ga Mayu, 2024.

Zuwa ga:
Mai Girma Kapitan Venancio Dimaano,
Shugaban Barangay Dalawang Balon,
kuma Shugaban Kwamitin Sasanta Rigingimu.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI A KAN KANSILA HERMINIO MAGSINO, BISA ƊAUKAR GWANGWANIN DA BA NASA BA, DA ƘWACE NA'URATA TA ƊURA HARSASHI, DA SHIRINSA NA NUTSAR DA ITA A TEKU

Bayan gaisuwa ta ladabi, da fatan kai da iyali da zakarunka na faɗa kuna cikin ƙoshin lafiya, ina neman izinin gabatar da wannan ƙorafi a gaban ofishinka mai daraja.

Sunana Eustaquio Marasigan, wanda gari ke kira Mamay Takyo, wato Kaka Takyo, mai shekara saba'in da 'yan kai, tsohon mai gyaran injin kwalekwale, ɗan Kulob ɗin Maharba na Dalawang Balon tun ranar da aka kafa shi, kuma mai riƙe da lasisin ɗura harsashi wanda bai taɓa wuce wa'adinsa ba. Karatuna ya tsaya a aji huɗu, shekarar da guguwa ta tafi da rufin makarantar, don haka in an ga tuntuɓe a rubutun a yi haƙuri. Na san ka san ni, tunda ni ne ninong ɗinka, wato ubanka na baftisma, ni na riƙe ka ranar baftismarka lokacin da ka jiƙa wa Fada hannun riga. Amma da na zo ofis yau da safe, sakatarenka ya ce min, "Mamay, ofis ba ya sanin mutum sai a rubuce." To, ga ni a rubuce.

Maganar a taƙaice ita ce: na'urata tana kulle a ɗakin ajiya na ofishinka, makullin yana aljihunka, kuma Kansila Magsino ya sanar cewa ranar Lahadi, 2 ga Yuni, ranar da za a sa wa sabon jirginsa albarka, zai ɗaura mata igiya ya jefa ta ƙasan teku ta zama masa anga. Ina roƙon kada hakan ta faru. Dalilan suna ƙasa.

Kafin na shiga jero su lamba-lamba, ina neman a bar ni in bayyana aikin, domin na lura manya suna yawan harba harsashi ba tare da sun taɓa tsayawa sun dubi ko ɗaya a ido ba.

Na'urar ta ƙarfe ce, mai koren fenti da hannu guda, wani ɗan'uwana ma'aikacin jirgin ruwa ya kawo min ita naɗe a cikin bargo. Na sa mata suna Choleng, sunan marigayiya matata, domin ita ma ba ta yin komai sai an bi ta a hankali. Aikinmu ni da ita shi ne mu tsinci kwanson tagulla da maharba suka zubar a filin harbi, mu wanke shi, mu cire tsohuwar hular da ke gindinsa wadda ke tada wuta, mu sa sabuwa, mu auna albarushi bisa ƙa'ida, sannan mu ɗora kai. Kawunan harsashi iri uku ne a kasuwa. Akwai dalma tsirara, mai baƙanta yatsu da hayaƙi kamar suyar kifi. Akwai mai sulke mai kauri, na masu hali. Akwai kuma na tsakiya, dalma da aka yi wa wankan jan ƙarfe, rigarsa ba ta fi ɓawon albasa kauri ba. Wannan na ukun nake aiki da shi, kuma shi na fi so a duniya. Idan na zuba su a faranti da hantsi, ɗakin nan duka sai ya koma launin faɗuwar rana a kan teku. Amma yana da tsirfa. In ka shaƙe masa wuya da bakin kwanso, rigar ta tsage, sai ya isa allon saiti a kaikaice kamar mashayin da ke neman ƙofar gidansa. In ka kore shi da gudun da ya wuce kima, sai ya tuɓe a hanya. Lallashi yake so.

Harsasai iri biyu nake yi. Na farko na harbi ne, domin 'yan kulob masu lasisi. Na biyu na laya ne, kuma a nan ne ba na bukatar yi maka bayani, domin ka san babu macen da za ta ɗauki ciki ko ta haihu a garin nan ba ta maƙala harsashi a riga ko a shimfiɗar jariri ba, saboda aswang, mayyar nan mai tashi da dare tana farautar masu ciki da jarirai. A da, mata sukan buɗe durowar mazajensu ne kawai su ɗauki mai rai. Wata rana, shekaru da yawa baya, na shiga motar kasuwa na ga wani jariri a cinyar uwarsa yana tsotsar harsashin dalma tsirara kamar alewa, leɓɓansa sun yi toka. Tun daga ranar na fara yin na laya: babu albarushi ko ƙwaya ɗaya, kai mai rigar jan ƙarfe, wuya a shaƙe tam yadda ƙaramin hannu ba zai iya zare shi ba. Da farko na bar gindin a buɗe, mata suka ƙi karɓa, suka ce kariyar za ta tsiyaye ta ramin. Sai na koma barin tsohuwar hular da aka riga aka harba, mai 'yar lotsawa a tsakiya. Mata suna kiranta cibiya. Laya mai cibiya ba ta tashi. Wannan ko jaririn da ke sanye da ita ya kusa sani.

Akwai masu tambaya ko aswang tana tsoron harsashin da babu komai cikinsa. Na daɗe ina tunani a kan wannan a bakin gada. Ra'ayina shi ne aswang ba ta yawo da ma'auni, ƙyallin take gani ta juya. Hujjata kuwa, tun da na fara aikin nan ba a ƙara ganin ko ɗaya a Dalawang Balon ba, in ban da surukar Kansila, wadda ita kuma da rana take fita.

Yanzu ga ƙorafe-ƙorafen:

1. Cewa a ranar Asabar, 11 ga Mayu, 2024, Kansila Herminio Magsino, shugaban kulob ɗinmu, wanda kowa ya sani da Minyong tun yana sayar da ƙusa a shagon ubansa, ya zo gidana karɓar harsasan da ya sa na ɗura masa domin gasar bikin San Isidro. Bai same ni ba. Na tafi ƙauyen da ke bayan tsauni ganin wata ayaba da aka ce ta fitar da nono daga tsakiyar kututturenta maimakon daga sama. Gaskiya ne kuma, ranka ya daɗe, na gani da idona, na taɓa, kuma ina ba ofishinka shawara ya tura wakili. Yayata Pasing kaɗai ya tarar a gida tana tsinar shinkafa.

A ɗakin aikina akwai gwangwanayen biskit guda biyu iri ɗaya. Ɗaya yana ƙarƙashin tebur, murfinsa ya lotse, shi ne na Kansila. Ɗayan yana kan kantar addu'a kusa da Santo Niño, mutum-mutumin Yesu yana yaro, an ɗaure shi da jan ƙyalle, ga kyandir a gefe, domin layu ne ke jiran masu su. Kansila ya dubi na ƙasa, ya dubi na sama, ya miƙa hannu sama. Pasing ta ce masa, "Minyong, ajiye wannan, ba naka ba ne. Naka ga shi can ƙarƙashin tebur." Sai ya yi dariya ya ce, "Haba Ate Pasing, abin da aka ɗaure da jan ƙyalle, aka kunna wa kyandir, aka sa Santo Niño gadi, na wa zai zama a garin nan in ba nawa ba? Tsoho ya san darajar mutane." Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a, mai daraja," ta ci gaba da tsinar shinkafarta. Ina roƙon a rubuta cewa Pasing ta yi gargaɗi sau ɗaya, kuma a saninta da na yi shekara saba'in, sau ɗaya take yi.

Da na dawo na ga kantar ba gwangwani, na zaci ungozoma ce ta zo ta kwashe domin rabawa, kamar yadda ta saba. Na ga na Kansila a ƙarƙashin tebur, na ce watakila ya sayi na kanti. Pasing ba ta faɗa min Kansila ya zo ba. Da na tambaye ta daga baya me ya sa, sai ta ce ta daɗe ba ta ga abin dariya ba.

2. Cewa Kansila ya cika gidajen harsashin bindigarsa da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya ga cibiya ko guda ba. Dalili kuwa sananne ne. Kansila yana da tabarau, likita ya rubuta masa, amma ba ya sa shi a inda mutane za su gani, domin hoton da ke jikin allunan titi ba shi da tabarau. Ban ga laifi a son kyau ba. Ni ma ina shafa man kwakwa a 'yan gashin da suka rage. Amma ina ganin bai kamata a ɗora wa Choleng alhakin idon wani ba.

3. Cewa a ranar Lahadi, 12 ga Mayu, a filin harbi na bayan masana'antar ƙanƙara, Kansila ya ɓata min suna ta lasifika a gaban jama'a. Kai ba ka nan, ka kai zakaranka gasa a garin gaba, don haka zan ba ka labarin yadda ya faru, ba yadda ake ba da shi a shagon aski ba.

An yi rumfa, an kawo 'yan badujala, Fada ya yayyafa ruwa mai tsarki a kan alluna, sarauniyar bikin tana zaune da kambinta tana fifita. Aka ce shugaba ne zai buɗe gasa. Kansila ya fito cikin riga mai sunan shagonsa gaba da baya, ya ɗaga wa mutane hannu, ya tsaya. Agogon gasa ya yi ƙara. Ya zaro bindiga da sauri, wanda gaskiya ya burge ni, ya ja kunama. Ƙyas. Ya ja ƙarfen sama, harsashi ya faɗo ƙasa yana walƙiya, ya sake ja. Ƙyas. Ranka ya daɗe, da wani mutumin ne, da ya tsaya a nan ya duba. Kansila bai tsaya ba. Ya ruga wurin tsayawa na biyu, ya durƙusa da gwiwa ɗaya kamar yadda ake yi, ƙyas. Ya sauya gidan harsashi cikin ƙwarewa, ya leƙa ta taga, ƙyas, ƙyas. Haka ya zagaye filin nan gaba ɗaya yana shuka jan ƙarfe a ƙasa, ba a ji ƙarar komai ba sai kukan wani akuya. Mai busa ƙaho na badujala ya yi ƙoƙarin riƙe dariya, ta fita ta cikin ƙahon.

Da alƙalin fili ya sa ya mayar da bindiga kube, aka ce fili ya zama lafiya, sai Aling Mameng mai sayar da miyar taliya, wadda cikinta ya kai wata takwas, ta sunkuya da ƙyar ta ɗauki guda da ya gangaro bakin igiya. Ta juya gindinsa, ta ɗaga murya ta ce, "Jama'a, mai cibiya ne! Namu ne! Minyong, kai ma ciki gare ka?" Kafin a ankara mata sun tsallake igiya sun cika filin suna tsinta, wata na cewa, "Wannan tawa ce, ƙwai na kai wa Mamay tun watan jiya!" wata na cewa, "Ki bar min biyu, ungozoma ta ce tagwaye ne." Wani daga bayan rumfa ya ce, "Pare, abokina, ko ba ka sami allo ba, ai aswang ba za ta kusance ka ba har abada!"

A nan ne Kansila ya ƙwace lasifika ya ce ni tsohon boka ne mai yaudara, na yi masa zagon ƙasa, kuma 'yan adawa ne suka saye ni. Ina sanar da ofishinka cewa babu wanda ya taɓa saye na, ko tayi ba a taɓa yi ba. Ban kuma da hannu a hoton bidiyon da ke yawo a wayoyi, ban ma san yadda ake yi ba, ko da yake an nuna min shi kuma na yarda an ɗauka da kyau. Haka nan ba ni na raɗa masa suna Kansila Ƙyas ba.

4. Cewa a ranar Litinin, 13 ga Mayu, Kansila ya turo 'yan sintirin barangay, wato gundumarmu, su biyu gidana da sifana. Ba su zo da takarda ba, ba su zo da umarninka ba. Na tambaye su da izinin wa, babbansu ya sosa ƙeya ya ce, "Mamay, ka yi haƙuri, shi ya saya mana rigunan ruwa." Suka kwance Choleng daga teburin da ta shekara talatin a kai, suka bar min ramukan ƙusa huɗu. Wajen fita da ita suka ture kantar da nake ajiye abubuwan mamaki da na tono daga tudun bayan alluna: harsasai biyu da suka yi karo suka manne kamar masoya, da wanda ya buɗe ya zama furen kabewa, da wanda ya lanƙwashe ya yi kama da kunnen tsohon Fadanmu, har da ɗan gashi. Na kunnen ban gan shi ba har yau. Ina zargin kaza.

Gwangwanin Kansila na gaskiya kuwa, mai lotsattsen murfi, yana nan ƙarƙashin tebur cike da harsasai masu kyau. Na ce su kai masa, suka ce ba a aike su wannan ba.

5. Cewa an ajiye Choleng a ɗakin ajiyar ofishinka tsakanin fitilun Kirsimeti da karyayyen gadon ɗaukar marasa lafiya, daidai inda rufin ke yoyo. Na leƙa ta taga na ga tsatsa ta fara cin hannunta. Na zo da man keke da tsumma, sakatarenka ya ce ba a shafa wa shaida mai. Na tambaye shi shaidar me, ya ce zai bincika.

6. Cewa a taron kulob da aka yi ba tare da an gayyace ni ba, Kansila ya ce layar harsashi camfi ne da ke kunyata maharban zamani, aka kuma tafa masa. Ranka ya daɗe, ba ni da niyyar tona asirin kowa. Amma na san hannuna in na gan shi. Abin da ke lilo a madubin motar Kansila cikin 'yar jakar jan ƙyalle, ni na yi wa uwarsa shi. Sakataren kulob yana da guda a walat. Ma'aji yana da guda a ƙasan kejin zakaransa. Ɗan sintirin da ya riƙe sifana, ina kallon tasa tana leƙowa daga wuyan riga yayin da yake kwance min na'ura. Ban ce dole kowa ya yarda da aswang ba. Ni kaina wani lokaci da rana tsaka nakan yi shakka. Amma wanda ya tafa a taro ya fara cire tasa tukuna.

7. Cewa Kansila ya faɗa a shagon aski, ya maimaita a ƙofar coci, cewa Choleng ta fi dacewa da zama anga, kuma ranar Lahadi mai zuwa zai zo ya karɓe ta daga hannunka, Fada ya yayyafa mata ruwa tare da jirgi, a jefa ta. Ko ta fuskar aikin teku wannan kuskure ne. Na yi shekaru ina gyaran kwalekwale, kuma ina tabbatar wa ofishinka ba ta da ƙugiya, ba za ta kama yashi ba. Jirgin zai sulale da iskar farko ya isa tsibirin Mindoro ba kowa a ciki. Na kwana biyu ina tunanin yadda za ta kasance a can ƙasa, hannunta a sama, kifaye suna zagaya ta, wataƙila dorinar ruwa ta koyi ja. Tunanin yana da kyau, ban musa ba. Amma ban yarda ba.

8. Wannan lambar ita ce ta sa na zo ofis da safe, kuma da sakatarenka ya bar ni na shiga, da ba a kashe takarda ba.

Layun da mata suka tsinta a fili sun ƙare a ranar, wasu ma sun kwashi fiye da rabonsu. Tun da aka ɗauke Choleng ban yi ko guda ba, domin ba a shaƙe wuyan kwanso da haƙori. Mata suna zuwa ƙofata da ƙwai da dafaffiyar shinkafa a ganye, ina mayar da su da kayansu. Ciki kuwa bai san an kulle na'ura ba. Mace ba za ta kwantar da jariri haka kawai ba don Kansila ya ji kunya. Za ta yi abin da uwarta ta yi kafin ni, ta buɗe durowa.

Jiya Lahadi, 26 ga Mayu, na halarci baftismar jikarka Althea, Allah ya raya ta. An ci, an sha, an gode. Da aka miƙo min ita in sa mata albarka, hannuna ya taɓa wani abu mai nauyi da aka maƙala da fil a cikin rigarta, daidai ƙirji, inda bakinta ke kaiwa in ta sunkuyar da kai. Na juya shi. Tsohon harsashi ne na ƙaramar bindiga, kansa dalma tsirara, har ya fara baƙanta farin leshin. Gindinsa sumul, babu cibiya. Na kai shi kunne na girgiza, na ji albarushi yana raɗa a ciki.

Na je wurin maiɗakinka na ce, "Luding, ina kika samo wannan?" Ta ce, "Ninong, na zo gidanka ka ce babu. Me kake so in yi, in bar ta tsirara aswang ta lashe?" Na ce ta cire, ta ce, "Ka kawo naka in cire. Je ka ci nama, giya ce ta yi maka yawa." Alhali kofi kawai na sha. Na nufo ka, na tarar kana riƙe da makirufo kana waƙar nan taka mai tsawo da ido a rufe, na ja maka riga, ka rungume ni ka sa min makirufo a baki. Na faɗi maganar a ciki, mutane suka zaci amshi ne suka tafa.

Ba zan ƙara gishiri a takardar hukuma ba. Harsashi ba ya tashi don kansa yana rataye a riga. Amma na san gidanka. Luding tana girki a kan gawayi da yarinyar a kafaɗa, fil kuma yana ɓallewa. Rigunan jarirai a gidanka da dutsen guga mai garwashi ake goge su. Ko ba wuta, yarinyar za ta fara haƙori, kuma na riga na ga launin da dalma ke bari a leɓen jariri, ba na son in sake gani, balle a kan jikar yaron da na riƙe a coci. In kana shakka, buɗe durowar gefen gadonka ka duba tsohuwar bindigar babanka. Za ka tarar ɗakin harsashi ɗaya babu kowa.

Bisa ga abin da ya gabata, cikin ƙasƙantar da kai, ina roƙon ofishinka mai adalci da ya yi waɗannan:

Na farko, ka ajiye takardar nan a daidai wannan layin, ka hau babur ɗinka ka je gida ka cire abin nan daga rigar Althea. Sauran takardar za ta jira ka.

Na biyu, tunda ka dawo, a buɗe ɗakin ajiya a mayar min da Choleng kafin ranar Lahadi, 2 ga Yuni, waɗanda suka kwance ta su ɗaura ta, da ƙusoshinta huɗu. A sanar ta lasifikar barangay cewa duk macen da ta buɗe durowa a 'yan kwanakin nan ta kawo abin da ta ɗauka in musanya mata. Ba sai ta zo da ƙwai ba.

Na uku, a kira Kansila Magsino gaban kwamiti ya janye kalmar mai yaudara. Kalmar boka zan iya barinta, ta ƙaro min mutunci a kasuwa. Ya zo ya ɗauki gwangwaninsa na ƙarƙashin tebur, da tabarau a fuska. In anga yake nema, akwai tsohon kan injin kwalekwale a bayan gidana, na ba shi kyauta, har in rera masa waƙa ranar jefawa.

Na san Luding ba za ta yarda a cire wancan ba sai an sa wani a madadinsa, kuma na san a gidanka ba a ɗaukaka ƙara. Don haka za ka ji wani abu mai nauyi a ƙasan ambulan ɗin nan, naɗe cikin jan ƙyalle. Laya ce, tawa ta kaina. Ita ce mai cibiya ta farko da Choleng ta yi, a wuyana take tun ranar, kuma ita kaɗai ta rage a garin nan ba a hannun wani ba. Na wanke ta da sabulu da lemun tsami. Juya gindin za ka ga cibiya. Ka ce wa Luding ta ɗaura ta a jikin shimfiɗa, ba a ƙirji ba.

Daga yau ni ke kwana ba kariya a gida na ƙarshe kafin gada, inda kowa ya san nan aswang suke fara sauka. In aka wayi gari ba a gan ni ba, ina roƙon a ƙara wannan a matsayin lamba ta tara.

Ina jiran matakin ofishinka cikin biyayya da kyakkyawan zato. Allah ya ƙara wa Kapitan lafiya, ya ba zakarunsa nasara, ya taƙaita masa waƙa.

Naka mai ladabi, kuma ninong ɗinka ko ofis ya sani ko bai sani ba,

(sa hannu)
Eustaquio Marasigan
Mamay Takyo

Shaida: Bonifacia Marasigan (Pasing), wadda ta dangwala yatsa, ta kuma ce a rubuta cewa ta faɗa masa.